Kwalbar Giya a Cikin Mota

Ƴan'uwa, ga tambaya. Mota ta taso daga Maraɗi, ta tsaya a Safo. Jandarma ya leƙa, ya ga kwalbar giya buɗe kusa da direba. Ya kamata ya bincike motar duka?

A Nijar doka ba ta hana sayar da giya ba, amma ta hana tuƙi cikin maye. Don haka, a ganina, ya tambayi direba. In ya sha, ya hana shi tafiya, domin yaranmu da dabbobinmu suna bin hanya.

Amma kwalba ba ta faɗi abin da ke cikin kayan fasinja ba. Tsohuwar da ta ƙulle kuɗin gyaɗarta a ƙunshi, me ta sha da za a kwance mata kaya gaban jama'a?