Ita Addu'a, Shi Zagi

A layinmu na Kakuri akwai gidan da ba a sa wa ƙofarsa sakata sai dare ya raba. Maigidan lauya ne, uwargidan nas. Baba Lauya da Mama Nas muke ce musu. Kiristoci ne daga kudancin jihar, ni kuma ina cikin Musulmin da ba su tsallaka gada ba bayan rikicin Fabrairun 2000, lokacin da kogin Kaduna ya zame wa garin iyaka. Shekara da shekaru barandarsu rabi asibiti ce, rabi ofis: nan mai hawan jini, can gwauruwar da dangin miji ke neman ƙwace wa gida.

Bayan rufe masaƙar KTL a 2002 zaman banza ya yi yawa, sata ma haka. Wani dare aka kama yaro da zargin cire batirin mota, aka yi masa dukan kawo wuƙa. Mama ta fito da tocila da auduga da ruwan gishiri, ta ture maza, ta ɗora kansa a cinyarta tana wanke jinin. Waɗanda suka fasa kan ne suka fara cewa Allah ya saka mata. Da safe Baba ya sa kwat ya nufi caji ofis neman beli, nan take aka ce ya tsaya wa ɓarawo. Ina cikin masu cewar, domin batirin nawa ne.

"Baba, ni fa aka yi wa satar," na ce masa.

"Na sani, Malam. Ka gan shi da idonka?"

"Kowa ya ce shi ne."

"To kowa ya zo gaban alƙali ya faɗa."

Mama na tankaɗe a gefe, ba ta ko ɗago ba. "Ni ma ban tambaye shi ba kafin in ɗaure ciwon. Don me ba ka kawo mini ƙorafi ba?"

Tambayar nan ta daɗe tana cina. Mutum ɗaya suka taimaka, babu wanda ya karɓi sisi a cikinsu, amma mun rubuta mata lada, shi mun rubuta masa zunubi. Ina jin dalilin shi ne jini ido ke ganinsa, zaman sel kuwa a bayan bango yake. Tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, amma mafi yawan mazauna gidajen yarinmu jiran shari'a suke, wasu har su wuce wa'adin da za a yanke musu da an same su da laifin.

Ƙorafina dai ba na banza ba ne. Wata aya a Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi kan zama lauyan maha'inci, kuma da ita na kafa hujja a majalisa. Wani malaminmu ne ya tuna mini dalilin saukarta: wani daga cikin mutanen Madina ya saci sulke ya ɗora wa Bayahude, danginsa suka zo kare shi, ayoyin suka wanke Bayahuden. Ashe ayar da na ɗauko don jifan Baba tana magana a kan taron da ya haɗa baki a kan wanda ba shi da kowa. Haka a Tuhfa ta Ibn Asim da alƙalanmu ke aiki da ita, mai ƙara ne ke kawo shaida, kuma an yarda mutum ya naɗa wakili.

Abin da ya rage mini wuya shi ne yaron ya amsa laifinsa daga baya. Na koma wurin Baba da murnata. Ya ce, "Ban taɓa cewa bai yi ba. Batiri ya ɗauka, to a karɓi batiri a wurinsa. Shekara uku a tsare ba kuɗin batiri ba ne."

Shi ya rubuta takardar sulhu. Uwar yaron, mai tuyar ƙosai, tana kawo kuɗin kaɗan-kaɗan a ƙulle a bakin zane, Mama na rubutawa a bayan littafin da take auna jinin tsofaffi. Yanzu yaron gyaran Keke Napep yake yi a wajen garejin Television. Tabon na nan a saman girarsa ta hagu, kuma in muka haɗu ni nake fara kawar da kai.