Ɗana, Ka Fito da Yaran Nan Bakin Kwata

Ɗana, da kai nake, kai da aka miƙa wa alli aka ce ka koyar da kimiyya a Dutse Alhaji, ko a makarantar gwamnati ko a irin masu zaman kansu ɗin nan da ke cikin gidan haya mai ɗaki huɗu. Ke ma 'yata malama, matso kusa. Iyayen yara su ɗan tsaya daga gefe, nasu kason yana tafe.

Na san kukanku tun kafin ku buɗe baki. Babu ɗakin gwaje-gwaje, inda kuma ake da shi makullin yana aljihun wani, kwalaben sun sha ƙura. Aji ya cika ya batse. Albashi ba ya ganin tsakiyar wata. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida, har da Bwari da Dutse ke ƙarƙashinta, sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Haƙƙinku ne, ku ci gaba da nema, ba ni zan ce ku yi shiru ba. Amma akwai abin da ba rashin kuɗi ne ya hana shi ba. Sabo ne ya hana shi, da kuma tsoron fita daga cikin littafi.

Ka duba yaron da ke gaban ajinka. Ya haddace matakai huɗu na rayuwar sauro da Turanci, yana rera su ba tuntuɓe, ya rubuta a jarrabawa ka ba shi maki cikakke. An tashi, ya bi ta gaban mai faci, ya tsallake tsohuwar taya cike da ruwan sama, tsutsotsin sauro suna ta wutsil-wutsil a ciki, bai san cewa su ne abin da ya rubuta ɗazu ba. Da dare kuma 'yan uwansu su cije ƙanwarsa. Wannan yaron ba daƙiƙi ba ne. Ba a taɓa nuna masa ba ne.

To ka nuna masa. Ka samo kwalbar gilashi mai faɗin baki, ka ɗebo ruwan tayar nan da ludayi, ka rufe bakin da yankin tsohon gidan sauro ka ɗaure da kyauro, ka ajiye a tagar aji inda rana ba ta duka. Kowace safiya yaro ɗaya ya leƙa, ya zana abin da ya gani a littafi, ya sa kwanan wata. Za su ga tsutsar tana hawowa saman ruwa tana shaƙar iska, in an taɓa kwalbar ta nutse. Bayan kwanaki za su ga ta dunƙule kamar waƙafi. Kafin mako biyu, wata safiya za a tarar da sauro a maƙale jikin yadin. Ihun da za su yi a ranar ya fi maka duk wani makin da ka taɓa bayarwa. Sannan ne za ka gaya musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, sannan ka tambaye su: a layinku, gwangwani nawa da taya nawa ke riƙe da ruwa? Ba sai ka ce su je su kife su ba. Da kansu za su je.

Allah ya ba ku abin koyarwa a ƙofar gida: duwatsu. Garin nan ba a banza ya ci sunansa ba. Ka ɗauki yara ranar da aka ɗauke ruwan sama, ku zuba bokiti ɗaya a kan falalen dutse, ɗaya a kan ƙasa mai ciyawa, ɗaya a kan ƙasar da aka share tas. Su faɗa da bakinsu wanne ya shanye, wanne ya gudu, wanne ya tafi da ƙasa a bayansa. Darasin zaizayar ƙasa ke nan gaba ɗayansa. Daga nan za su gane dalilin da ya sa ruwa ke gangarowa da ƙarfi cikin unguwa, da dalilin da ya sa gidan da aka gina a bakin rafi, bayan an sare bishiyoyin da ke riƙe da gaɓa, yake tsagewa.

Ma'aunin ruwan sama ma ba sai an sayo ba. Gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a yanke kanta, a daidaita gindinta, a manna rula a gefe. Lissafin da ke biye da shi kuwa mai daɗi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne cif. Rufin kwano mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, in aka yi ruwa na milimita 20 a dare ɗaya, ya zubar da lita 2,000. Jarka 80 ke nan ta lita 25. Ka bar yaro ya tambayi mahaifiyarsa nawa mai ruwa ke sayar da jarka, ya ninka da kansa. Sai ka tambaye shi inda ruwan ya tafi. Kwata ya nufa, ya tarar ledar fiya wata da robar lemo sun toshe ta, ya juyo cikin ɗakin maƙwabci.

A nan nake so ka daɗe, a kan ruwan sha. Yawancin yaran Musulmi da ke ajinka suna zuwa Islamiyya, kuma a littattafan Ishmawi da Ahalari an koya musu duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa kafin a yi tsarki da shi. Kada ka raina wannan. An riga an koya musu lura, an koya musu cewa ba kowane ruwa ne ruwa ba. Kai naka shi ne ka ɗora: akwai abin da ke cikin ruwa wanda ba shi da launi, ba ɗanɗano, ba wari, kuma yana kisa cikin yini guda. Ruwa yana iya halatta ga alwala amma ya zama ajali ga mai sha. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,000, kuma Abuja ba ta tsira ba.

Ka ba su labarin John Snow, likitan da ya bi gida-gida a unguwar Soho ta Landan a 1854 lokacin da cutar ta kashe mutum fiye da 600. Bai san ƙwayar cutar ba. Taswira ya zana, ya sa alama a duk gidan da aka yi rashi, sai ga alamomin sun taru a kewayen famfo ɗaya na titin Broad. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Takarda da fensir da ƙafa, su ne kayan aikinsa, kuma duk kana da su. Ka raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zana layinsu: ga rijiya, ga burtsatse, ga masai, ga ramin sokawe, ga bola. Su auna tazara da taku. Masana tsaftar ruwa kan so a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma kai ka san yadda filayen Dutse suke a matse, wani wurin katanga ɗaya ce tsakanin rijiyar wannan gida da masan wancan. Ka ja musu kunne kada su shiga gidan kowa ba sallama, kada su nuna wa kowa yatsa, kada kuma su taɓa ruwan kwata da hannu.

Abin takaici, madatsar ruwa ta Usuma da ke shayar da birnin Abuja tana nan kusa da ku, wajen Ushafa a hanyar Bwari, har daga madatsar Gurara ta jihar Kaduna ake turo mata ƙari ta bututu, amma gidaje da yawa a Dutse kurar mai ruwa suke jira. Ko ba komai ku rubuta takarda ku nemi izinin kai yara su ga yadda ake tace shi. Kafin a amsa muku, ku yi naku a aji: kofi uku na ruwan rafi mai laka, ɗaya a bar shi haka, ɗaya a jefa ɗan alif, ɗaya a zuba dakakken ƙwallon zogale. Su zuba ido su ga laka tana kwanciya. Amma ka nanata musu har sai sun gaji da ji, ruwan ya yi garau ba ya nufin ƙwayar cuta ta mutu. Sai an tafasa, ko an sa sinadarin kulorin daidai ƙima. Kuma kada yaro ya bar ajinka bai iya haɗa ruwan gishiri da sukari ba: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mai gudawa a kan hanyar asibiti.

In wani ya ce maka wannan duk wasan yara ne, ka tuna masa Zamfara. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, an riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida ana niƙawa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Akwai dalma a ƙurar. Yara fiye da 400 suka rasu kafin likitocin ƙungiyar MSF da hukumomi su shawo kan abin. Iyayen nan suna son 'ya'yansu kamar kowa, ba wanda ya taɓa gaya musu ne cewa ƙura tana iya zama guba. Dalmar nan ita ce a cikin tsohon batirin mota da na sola da ake fasawa a wajen 'yan gwangwan, wani lokaci yara ne ma ke fasawa.

Ban ce ɗakin gwaji ba shi da amfani ba. Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, ta zuba musu kaya da malamai, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika asibitoci da ma'aikatun Kano da Jigawa. Ku nemi irin wannan ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai. Na kuma san hedikwatar JAMB tana nan Bwari, inuwarta tana kan kowane aji, kowa maki yake hari. Sai dai yaron da ya ga abu da idonsa ya fi riƙe shi ranar jarrabawa. In kuma ka ga Turancin ya tsaya masa a wuya, sauko ka yi bayani da Hausa, ko ka sa ɗan Gbagyi ya fassara wa ɗan uwansa, ko ka juye zuwa Burokan, sannan ka mayar da shi kan kalmar littafi.

Yanzu ku iyaye. Yaro zai dawo gida da magana. Zai ce Baba kada a tada janareta a baranda a rufe ƙofa, hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci. Zai ce Mama kada a shigar da garwashi ɗaki a kulle taga lokacin hunturu, kada a hura wuta da leda. Zai ce a rufe randa, a daina tura shara kwata in hadari ya haɗo. Za ku ji kamar ya raina ku ne, bakin zai yi ƙaiƙayin cewa yaushe aka haife ka. Ku haɗiye. Ku ce ya nuna muku yadda malam ya nuna musu. In kuma ya zo da taswirar layinku, kuka ga rijiyarku taku goma ce daga masan maƙwabci, ku tafasa ruwan sha tun daga daren, da safe ku ɗauki takardar ku je wajen mai unguwa tare da maƙwabcin.