Zumunta a Ƙafa Take, Ko a Waya?

Duk ranar Asabar bayan sallar La'asar mukan shimfiɗa tabarmi biyu, mu kewaye butar shayi. Mako ɗaya a Boɗinga, ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gidan shugabanmu, mako na gaba a Shagari, a harabar wata makarantar firamare. Mu goma sha takwas ne: malaman makaranta, tela, ma'aikacin jinya, direbobi biyu, manoma, sai ni da nake rubuta manhajar kwamfuta. Ƙungiya ce ta aikin sa-kai, ba ofis, ba mota. Ayyukanmu ba su wuce gyaran famfon tuƙa-tuƙa, yashe magudanan ruwa kafin damina, nome ciyawar maƙabarta, da nemo masu ba da jini idan mai haihuwa ta galabaita ba.

Sana'ata ta sa mini ƙyamar ɓarnar lokaci. Idan na ga aikin da za a gama a mataki biyu ana yin sa a mataki goma, sai in ji kamar ƙaiƙayi a bayana. Saboda haka na shiga duba agogo a wurin taro. Zaman awa biyu ne, amma maganar aiki ba ta wuce minti ashirin. Sauran lokacin gaisuwa ce, da tambayar iyali, da farashin gero, da gardamar ƙwallo, da tsokanar direbanmu da har yanzu bai yi aure ba. Mutum goma sha takwas sau awa biyu, awa talatin da shida ke nan duk mako. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin mota tsakanin garuruwan biyu ya yi tashin gwauron zabi, sai na ga lokacin magana ya yi.

Na miƙe a taro na baje lissafina. Na ce abin da muke kashewa a mota da shayi cikin wata ɗaya ya isa ya gyara famfo guda. Na kawo shawarar a mayar da taro sau ɗaya a wata uku, sauran harka a yi ta a zauren WhatsApp, ni kuma zan rubuta 'yar manhaja da za ta riƙa ƙirga kuɗin karo-karo, tana tura wa kowa tunatarwa duk Juma'a. Shugabanmu, dattijon da ya yi ritaya daga koyarwa, wanda duk muke kira Baba, ya saurare ni har na dire. Sannan ya ce, “Ɗana, lissafinka ya yi. Amma injin nan naka, shina sanin wanda bai kwana lahiya ba?” Aka yi dariya, har da ni. Da aka ɗaga hannu, shawarata ce ta yi rinjaye.

Wata biyu na farko kuɗi sun shigo fiye da da, na riƙa jin kaina kamar wanda ya ƙirƙiro wuta. Daga wata na uku abu ya fara ja da baya. Famfon wani ƙauye da ke bayan Sifawa ya lalace, aka ɗora hotonsa a zaure, kowa ya danna alamar babban yatsa, ba wanda ya je. Kowa ya ɗauka wani zai je. A kan tabarma ba a yin haka, domin Baba zai dubi mutum ido cikin ido ya ce, “Kai da wane, ranar Talata,” kuma ranar Asabar za a tambaye ka.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne na telanmu. Ya daina biyan karo-karo, ya daina magana a zaure. Manhajata ba ta gajiya, duk Juma'a sai ta tura masa saƙon bashin da ake bin sa, har sau bakwai. Ni ma a raina na riga na sa shi a jerin masu sanyin jiki. Sai wata ranar kasuwa na ratsa ta shagonsa na tarar da shi a rufe. Maƙwabcinsa ne ya gaya mini matarsa ta kwanta asibiti a Sakkwato kusan wata biyu, har ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa. Yana zaune a bakin gadon marar lafiya, wayarsa na ƙara, abin da ke shigowa daga ƙungiyar taimakon jama'a shi ne takardar bashi. Da na je gaishe shi bai nuna mini komai ba. Cewa ya yi, “Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, zan biya in ta samu.” Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Tun daga lokacin wata tambaya take cina. Shin zaman hira da zumunci a ƙungiyar taimako haraji ne da ake biya kafin a kai ga aikin alheri, wanda mai hankali zai rage shi iya yinsa? Ko kuwa shi kansa wani ɓangare ne na alherin?

Hujjar ɓangaren farko tana da ƙarfi, kuma har yanzu ina ganin ƙarfinta. Matar da ke tafiya mai nisa neman ruwa ba ruwanta da ko mun sha shayi tare. Ruwa take so. Idan naira dubu za ta iya zama ƙarfen famfo, mayar da ita sukari da ganyen shayi yana kama da cin haƙƙinta. Wanda ya ce yana aiki don wasu, alhali rabin abin da ya tara a kansa yake ƙarewa, ya cancanci a tuhume shi.

Inda na yi kuskure shi ne zaton cewa niyyar alheri kamar kuɗi ce a asusu, tana nan yadda ka ajiye ta, sai dai a sauya hanyar cire ta. Ashe garwashi ce, idan aka raba ta da 'yan'uwanta mutuwa take yi. Abin mamaki, a sana'ata ma mun san wannan. Idan kwamfutoci da yawa suna aiki tare a kan intanet, kowace takan riƙa aika wa sauran wani ɗan saƙo a kai a kai, wanda muke kira bugun zuciya. Saƙon ba ya ɗauke da wani bayani, iyakarsa “ina nan.” Wanda bai san aikin ba zai ce ɓarna ce, a cire. Amma ranar da saƙon ya daina zuwa, a nan ake gane ɗaya ta faɗi, sauran su ɗauke mata kayanta. Gaisuwar da na raina ita ce bugun zuciyarmu. Da muna zama, Asabar ɗin farko da aka ga gurbin tela babu kowa za a tambaya, ta biyu kuwa da tuni an aika mutum gidansa.

Kakanninmu sun riga mu fahimtar haka a aikin gayya. Mai gona zai gayyato jama'a, a dama fura, a tuƙa tuwo, wani lokaci har da makaɗa. Mai lissafi irina zai ce a bar kiɗan, a ɗauki 'yan ƙwadago da kuɗin abincin. To amma gayya ba gonar yau kaɗai take nomewa ba. Wanda ka ci tuwonsa yau, gobe in jinkarsa ta faɗi ba za ka iya wucewa ka yi kamar ba ka gani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, sai dai hannuwan ba sa haɗuwa ranar ɗaukar jinka idan ba su saba gaisawa ba.

Ko ƙungiyoyin da suka yi suna a duniya ta wannan ƙofa suka shigo. Ƙungiyar Rotary ta fara ne a birnin Chicago na Amurka ranar 23 ga Fabrairun 1905, lokacin da wani lauya mai suna Paul Harris ya tara abokansa uku. Kewar zumuncin ƙaramin gari ce ta dame shi a babban birni. Sunan ma ya samo asali ne daga yadda suke zagaya taronsu daga ofishin wannan zuwa na wancan. Sai bayan kusan shekara biyu suka yi aikin jama'a na farko, wato fafutukar samar da banɗakin jama'a a birnin. Zama ne ya fara zuwa, aiki ya biyo baya. Reshenta na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi a 1961. A nan gida kuma, marigayi Alhaji Shehu Shagari, tun yana matashin malamin makaranta a Sakkwato a shekarun 1940, yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar matasa ta zaman tattaunawa. Bayan juyin mulkin 1966 ya dawo gida ya riƙe sakataren asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, wanda da shi aka gina makarantu. Jama'a ba sa damƙa kuɗinsu sai ga fuskar da suka saba gani.

Labarin shan inna ya ƙara fito da wannan fili. Rotary ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da cutar a 1985, ta zuba maƙudan kuɗi. Duk da haka a 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin da ya yaɗu a kan maganin. Kuɗi na nan, magani na nan, ƙofofi a rufe. Abin da ya buɗe su shi ne shigowar sarakuna, har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, da hakimai da masu unguwanni, da matan unguwa da ke bi gida-gida, waɗanda uwar yaro ta san su, ta san iyayensu. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali. Dukiya daga nesa ta yi nata, amma sai da sananniyar fuska ta yi sallama a zaure.

Kada mai karatu ya ɗauka ina wanke kowane taro ne. Zama yana ruɓewa. Na ga ƙungiyoyin da taronsu ya koma gasar manyan riguna da rabon muƙamai, a kai buhun shinkafa ɗaya gidan marayu a ɗauki hoto talatin. Na ga waɗanda zumuncinsu ya zama katanga, masu hali suna taimakon juna da kwangila, sunan talaka yana kan allo kawai. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take, su ne kuma suka ce ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Sabo yana iya kashe kunya kamar yadda yake raya ta, har a kai inda ba mai iya tambayar ma'aji ina kuɗi suka shiga, don kada a ɓata zumunci. A nan manhajata tana da amfani, domin lissafin da kowa ke gani a wayarsa yana kare mutuncin ma'aji, yana kuma kare kuɗin marayu.

Saboda haka ma'aunin da na tsaya a kansa abu uku ne. Na farko, idan wani bai zo ba, ana lura? Na biyu, idan an tashi, akwai wanda aka kira sunansa aka ɗora wa aiki, kuma za a tambaye shi mako mai zuwa? Na uku shi ne mafi wuya: waɗanda muke cewa muna yi wa aiki suna da gurbi a tabarmar? Mun yi shekaru muna gyara famfo ba mu taɓa zama da matan da ke tuƙa shi ba. Da muka aika matar ɗaya daga cikinmu ta zauna da su, sai suka gaya mata abin da ba mu sani ba, cewa yara ne ke lilo a hannun famfon bayan Magariba, shi ya sa yake yawan karyewa. Kwaɗo da sarƙa suka magance abin da muka yi ta kashe wa kuɗi. Taron da ya cika waɗannan uku shayinsa halas ne. Wanda ya rasa su, ko da ruwan sanyi kawai ake sha a wurin, ɓarna ce.

Akwai kuma abin da sai daga baya na yarda da shi. Na shiga ƙungiyar ne ina ganin kaina mai bayarwa, wasu can masu karɓa. Larurar tela ta rushe wannan katangar. Mai gyara famfon wasu yau, gobe shi ne a bakin gadon asibiti. Ƙungiyar da ba ta iya ganin yunwar wanda ke gefenta ba, da wuya ta ga ta ƙauyen da ke nesa da idon tausayi, sai dai da idon lissafi. Ni kaina da nake wuni ni kaɗai gaban kwamfuta, ina aiki da mutanen da ban taɓa jin ɗumin tafin hannunsu ba, ina cikin masu buƙatar tabarmar nan, ko da ban taɓa neman sisin kowa ba.

Ni na kawo shawarar a daina zama, ni kuma na miƙe na roƙi a dawo da shi. Ba mu koma daidai yadda muke ba. 'Yan Boɗinga suna zamansu duk Asabar, 'yan Shagari suna nasu, sai a haɗu gaba ɗaya sau ɗaya a wata, don kuɗin mota bai sauka ba. Manhajar tana nan tana lissafi, amma na cire mata bakin tambayar bashi. Yanzu idan mutum ya yi mako biyu bai biya ba, ba shi take tura wa saƙo ba. Baba take sanar wa, shi kuma ya sa takalminsa.

Matar tela ta warke, mun kuma haɗa masa kuɗin keke. Asabar ɗin da ya dawo, ya zauna a gurbinsa na da, kusa da butar shayi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mai jiki, aka koma kan direbanmu da maganar aurensa. Baba ya hango ni ina ƙoƙarin duba agogo, ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, minti nawa muka ɓata?” Na tura wayar cikin aljihu, na miƙa kofina aka ƙara mini shayi.