Mai Kallon Rairayi da Mai Gudun Rairayi

Matafiyin da ya bar Gadau da asuba, ya bi ta Azare da Potiskum ya nufi Gashuwa, idan ya lura da gefen hanya zai ga ƙasa tana tuɓe rigunanta ɗaya bayan ɗaya. Ɗorawa da tsamiya sukan fara ƙaranci, kuka ta riƙa tsayawa ita kaɗai can nesa, sa'an nan aduwa da tumfafiya su karɓe fili. Bayan Gashuwa, a kan hanyar Yusufari ta Jihar Yobe, sai rairayi ya fara taruwa tudu tudu. A cikin kwaruruka da ke tsakanin waɗannan tuddai akwai dausayoyi masu dabino da goriba, inda ake haƙar kanwa, ana kuma ɗan noman rani. Wannan yanki shi ne Bulatura, ɗaya daga sassa uku na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1991. Sauran biyun su ne fadamun Bade da Nguru a Yobe, da Chingurmi-Duguma a Borno. Ga mutumin ƙasar Katagum, nan ne hamada mafi kusa da zai iya takawa da ƙafarsa.

A kan tudun rairayi guda ana iya samun mutum biyu a tsaye. Ɗaya baƙo ne da ya biya kuɗin mota domin ya hau tudun, ya ga faɗuwar rana, ya ɗauki hoto. Ɗayan manomi ne wanda iska take kwaso wannan rairayi tana zubawa a gonarsa ta gero da bakin rijiyarsa. Abin da ya zama wa na farko sha'awa, shi ne yake hana na biyu barci. To, daidai ne mutum ya je yawon shaƙatawa a wurin da maƙwabcinsa yake fama da neman abin kai wa baki? Kuma daidai ne a shata wa ƙasa iyaka a ce ta tsuntsaye da barewa ce, alhali makiyayi yana neman ciyawa?

Wanda ya ce ba daidai ba ne yana da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Tsofaffin Katagum da Bade ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da shanu suka mutu, gero ya ƙone a tsaye, iyalai suka watse zuwa kudu. A wurinsu hamada maƙiyi ce mai tahowa. Gandun daji kuwa, a ko'ina cikin Afirka, doka ce da takan hana talaka farauta da saran itace da kiwo a wurin da kakanninsa suka yi su ba tare da neman izini ba. Idan aka hana shi domin baƙon da ya ƙoshi ya samu abin kallo, an aza wa marar ƙarfi kayan mai ƙarfi.

Tarihin Gadau ma yana goyon bayan wannan hujja. A shekarun 1920 da 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tashar binciken ƙudan tsando a Sherifuri, daga baya a Gadau, inda masani T. A. M. Nash ya yi shekaru yana nazarin yadda zafi da danshi suke raya ƙudan ko su kashe shi. An zaɓi wurin ne domin kurmin bakin kogi ya yi duhu, namun daji suna da yawa, ciwon barci yana kashe mutane, sammore yana kashe shanu. Sare kurmi na cikin magungunan da aka yi amfani da su, kuma ya ceci rayuka. Gonakin da ke kewaye da Gadau a yau an ƙwato su ne daga jeji. Saboda haka wanda ya yi wa jeji kirari kamar babu mugunta a cikinsa, bai tambayi kakanninsa ba.

Duk da haka akwai abin da hujjar ta tsallake. Ta ɗauka cewa darajar ƙasa tana ga abin da mutum yake girba daga cikinta kaɗai. Littafi Mai Tsarki bai auna ta haka ba. A sura ta 38 ta Littafin Ayuba, sa'ad da Ubangiji yake amsa wa mutumin da ya rasa kome, cikin abubuwan da ya tuna masa har da ruwan sama da yake saukarwa a ƙasar da ba kowa a cikinta. Da ɗan kasuwa ne zai kira wannan asara. Mahalicci kuwa yana shayar da wurin da babu mai gode masa, gama nasa ne, yana kuma jin daɗinsa. A sura ta 2 ta Farawa an ba mutum aiki biyu a gonar da aka sa shi, wato nomanta da kiyaye ta. Aikin farko ciki yakan tuna wa kowa shi kullum safiya. Na biyun ba shi da mai tunasarwa, sai mutum ya tashi da niyya ya je ya dubi abin da aka ba shi amana.

A nan ne tafiya da ƙafa take da muhimmanci. Gani ya kori ji, amma gani ta tagar mota rabin gani ne. Wanda ya sauka ya taka rairayi yakan koyi lissafin da ba a koyarwa a aji. Yakan gane cewa ruwan da ke gorarsa shi ne iyakar tafiyarsa, cewa hawan tudu guda yana cin ƙarfin tafiyar mil a hanya mai tauri, cewa yaron ƙauye da bai je makaranta ba ya fi shi sanin gabas idan hazo ya rufe rana. Yakan lura da gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero haske, ya yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Yakan ga cewa inda ciyawa da sabara suka riƙe tudu, rairayi yana kwance, inda aka tumɓuke su kuwa ya tashi tafiya. Daga nan zai fahimci cewa iska ba ita kaɗai take tura rairayi gonar manomi ba. Gatari ma yana da hannu.

Jamhuriyar Nijar tana da labari da ya dace da wannan. A hamadar Tenere akwai wani itacen ƙaya guda ɗaya da ya tsaya shi kaɗai, babu wani itace kusa da shi. Da aka haƙa rijiya a gefensa a ƙarshen shekarun 1930, aka tarar saiwoyinsa sun gangara fiye da mita 30 suna neman ruwa. Ayarin Abzinawa masu ɗauko gishiri daga Bilma sun yi zamani bayan zamani suna wucewa ta wurin, suna da raƙuma masu yunwa, suna bukatar itacen wuta, amma suka bar shi, domin shi ne alamar hanya da ta ruwa. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kuma kafa itacen ƙarfe a madadinsa. Masu tafiya a hankali, waɗanda suka fi kowa bukatarsa, su suka kiyaye shi. Mai sauri, wanda fili duka yake buɗe a gabansa, shi ya kashe shi.

Akwai kuma dalilin da ya shafi Katagum kai tsaye. Kogin Jama'are yana tasowa daga tuddan Filato, ya ratsa ƙasar Katagum, ya sadu da Kogin Haɗeja kusa da Gashuwa, su zama Kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. Wannan ruwa ne yake cika fadamun Bade da Nguru, da tafkin Dagona inda agwagin ruwa daga Turai suke sauka da hunturu bayan sun ƙetare Sahara. Shi ne kuma yake ba masunta kifi, manoma shinkafa, Fulani makiyayar rani. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a ɓangaren Haɗeja, ambaliyar shekara shekara ta ragu, ruwa ya riƙa kwanciya a inda dā yakan janye, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da gonaki. Shi ya sa batun madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda aka fara aka dakatar fiye da sau ɗaya, ya daɗe yana jawo gardama tsakanin Bauchi mai son noman rani da Yobe da Borno masu tsoron ƙishirwa. Kowane ɓangare yana da bakunan da zai ciyar. Amma mutumin Gadau da ya taɓa tsayawa a bakin Dagona, ya san ruwan da ke gabansa ta ƙasarsu ya biyo, ba zai ƙara yin wannan gardama kamar babu kowa a ƙarshen kogin ba. Haka ma buhun gawayin da ya saya a Azare zai fara yi masa nauyin da ba na sikeli ba.

Masu cewa a bar jeji da halinsa, a daina kashe masa kuɗi, su ma akwai abin da za su duba. Dajin Sambisa an keɓe shi ne domin namun daji. Da baƙi suka ɗauke ƙafa, kulawa ta yi rauni, sai ya zama maɓoyar 'yan Boko Haram, har sunansa ya zama abin firgita bayan sace 'yan matan Chibok a 2014. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Yankari kuwa, wadda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ta zama gandun ƙasa a 1991, ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006, ta sha fama da mafarauta, amma giwayenta ba su ƙare ba. Cikin dalilan akwai masu gadi da suka sa ransu a haɗari, da kuma 'yan makaranta da iyalai masu zuwa ruwan ɗumi na Wikki, waɗanda za su yi magana idan abin ya lalace. Wurin da jama'a suka sani yana da masu kuka dominsa.

Saboda haka amsar tambayar ita ce, tafiyar daidai ce, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana kan baƙo. Wanda ya je ya kalli rairayi ya kau da ido daga masu zama a gindinsa, ya mai da wahalar ɗan'uwansa abin nishaɗi, wannan kuwa laifi ne ko da doka ba ta hana ba. Zumuntar matasa ko makarantar da ta shirya irin wannan tafiya ya kamata ta fara da tambayar hukumar gandun da jami'an tsaro halin da hanya take ciki, gama yankin ya sha rashin zaman lafiya tun 2009, kuma jefa rai cikin haɗari ba bangaskiya ba ce. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi sauƙin tafiya, shi ne kuma lokacin tsuntsaye. Idan an isa, a fara gaida mai gari. A ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen a biya shi hakkinsa cikakke. A sayi dabino da tabarmar kaba ba tare da matse mai sayarwa ba. Kada a ɗauki hoton mace ko gida sai an nemi izini. Mazauna wurin Musulmi ne, Mangawa da Fulani da sauransu, kuma yadda baƙo ya sha ruwan rijiyarsu ya gode shaida ce da ta fi doguwar magana.

Sharaɗi na biyu yana kan masu mulki. Gandun daji yana zama adalci ne idan waɗanda aka hana wani abu sun samu wani abu: aikin gadi da jagora, rabo daga kuɗin shiga, rijiya, da murya a wurin yanke shawara. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Bauchi da Yobe da Jigawa suke cikin jihohinsa, ya nuna haka a wurare da dama. Dashen da aka yi aka ɗauki hoto aka tafi, akuya ta cinye. Wanda manomi ya san nasa ne, ya kewaye shi da ƙaya ya ba shi ruwa.

Ma'aunin tafiyar yana gida. Matashin da ya komo Gadau da hotuna kaɗai, ya yi yawo. Wanda ya komo ya bar 'ya'yan gawo da suka tsiro a gonar mahaifinsa maimakon ya sare su da sharar gona, ya dasa itace a harabar majami'a ya ɗauki nauyin shayar da shi har rani uku, ya sa mutanen Yusufari cikin addu'arsa idan damina ta yi jinkiri, shi ne ya ga abin da ya je gani. Manomin da suka tsaya tare a kan tudun ba zai taɓa sanin sunansa ba, amma iskar da za ta kaɗa ta gonarsu iri ɗaya ce. Ubangiji ya ba bayinsa idon ganin amanar da ke hannunsu.