Tuba a Ƙofar Gida, Ɓarna a Bayan Danga

A shekarar 1977 wata kotu a Amurka ta yanke wa Phillip Garrido ɗaurin shekara 50 saboda sace wata mata da ya yi wa fyaɗe. Shekara 11 kacal ya yi, aka sallame shi a 1988 bisa sharaɗin jami'ai za su riƙa sa masa ido. Ranar 10 ga Yuni, 1991, shi da matarsa Nancy suka sure Jaycee Dugard, 'yar shekara 11, tana hanyar zuwa shiga motar makaranta kusa da tafkin Tahoe. Shekara 18 ta yi a tantuna da rumfunan da ke bayan gidansa a Antioch ta jihar Kalifoniya, har ta haifa masa 'ya'ya mata biyu.

Garrido bai ɓuya ba. Ya rungumi wa'azi, yana yawo da takardu, yana shaida wa duk mai saurare cewa Allah ya shirye shi. Nan tsohuwar tambaya take: wa ke da hurumin tabbatar da tubar mutum?

Malamai sun daɗe da raba abin gida biyu. Tsakanin bawa da Ubangijinsa ƙofar tuba a buɗe take, babu mai leƙa zuciya. Haƙƙin bayi kuwa nadama kaɗai ba ta goge shi. Addini ya yi umarni da kyautata zato, ya kuma hana bin diddigin sirrin mutane, amma wannan kariya ce ga wanda bai taɓa haƙƙin kowa ba. Wanda aka saki bisa sharaɗi ya amince a bincike shi, jami'in da ke kula da shi kuma amana ya ɗauka a madadin yaran unguwa da ba su san ma yana yi ba. Kyautata zaton da zai yi, da rayuwar wasu zai yi shi.

Za a ce ai ɗan Adam da zahiri yake hukunci. Gaskiya ne, sai dai bayan gida ma zahiri ne. Rahoton babban sufeton jihar na Nuwamba 2009 ya nuna jami'ai sun je gidan kimanin sau 60 cikin shekara 10. Ga wayoyin lantarki sun fita daga gidan sun nufi bayan danga, ba wanda ya bi su ya ga inda suka tsaya. A 2008 wani jami'i ya tarar da yarinya a gidan, Garrido ya ce 'yar ɗan'uwansa ce, shi ke nan, magana ta mutu. Kafin nan, a 2006, maƙwabta sun kira 'yan sanda cewa akwai yara a tantuna. Wanda aka turo ya tsaya a ƙofar gida, suka yi 'yar hira, ya juya.

Daga baya Kalifoniya ta biya Jaycee da 'ya'yanta diyyar dala miliyan 20, aka ɗaure Garrido shekara 431. Asirinsa kuwa wasu mata biyu ne suka tona shi, ma'aikatan sashen 'yan sanda na jami'ar Berkeley, a watan Agustan 2009, lokacin da ya je neman izinin taron wa'azi. Yana ta zuba, su kuma hankalinsu na kan 'yan matan biyu da ke tare da shi, fuska fayau, suna ba da amsa kamar hadda. Daga nan ɗaya daga cikinsu ta buga wa jami'in da ke kula da shi waya. A iya saninsa, Garrido ba shi da 'ya ko ɗaya.