Ƙwaƙwalwar mai aiki ma tana jin yunwa

Ma'aikaciyar jinya mai kwana a tsaye, direban tirela mai tsinkar dare, maigadi, tela da Sallah ta matso masa: kowa na ganin gumin goshinku, amma ba a ganin wahalar da ƙwaƙwalwarku ke sha. Nauyinta kusan kashi 2 ne cikin 100 na jiki, amma ita ke lashe wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa.

Daga cikin abin da take dogaro da shi akwai kiriyatin, sinadarin da Bafaranshe Michel Chevreul ya gano a cikin nama a 1832. Aikinsa ajiye ƙarfi a kusa, kamar guzurin matafiyi. Hanta da ƙoda na haɗa wajen giram 1 kullum, saura kuma daga nama da kifi yake zuwa. 'Yan ɗaga ƙarfe sun daɗe suna shan garinsa, sai daga baya masana suka waiwayi ƙwaƙwalwa.

A 2003, a Jami'ar Sidni ta Ostareliya, an ba matasa 45 da ba sa cin nama giram 5 kullum har mako 6, aka ga sun ƙara iya riƙe lambobi da warware matsala. A 2024 kuma, a Jamus, an hana wasu mutane barci aka ba su kiriyatin mai yawa sau ɗaya, hankalinsu bai dushe kamar yadda aka saba ba. Ku masu aikin dare, wannan ya shafe ku. Sai dai mutanen 15 ne kacal, kuma a shekarar ta 2024 hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce hujjar bai wa kiriyatin lambar ƙara kaifin tunani ba ta cika ba. A wasu bincike, amfanin ya fi bayyana ga dattawa da masu ƙarancin cin nama.

Don haka kada wani ɗan talla ya sa ka raina kanka don ba ka da kuɗin gwangwanin kiriyatin. Basirar da kake ciyar da iyali da ita, ba a kanti ka saya ba! In albashi ya shigo, ka sa kifi a miya. In ka sauka daga aiki, ka kashe waya ka yi barci. Mai son gwada garin kiriyatin, giram 3 zuwa 5 a rana ne ma'aunin da aka saba. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya taɓa sai likita ya yarda.

Ku kula da kanku, jama'a, ƙasa na buƙatar ku da hankalinku garau. Allah Ya sa albarka a nema.