Rumbun Yusufu ko Abincin Yini? Tambayar da Zaman Alƙahira Ya Yi Mini

 Ni Kirista ne, ɗan manomi daga kudancin Jihar Katsina, kuma na san mafi yawan masu karanta wannan mujalla Musulmi ne. Amma tambayar da zan ɗauko ta shafe mu duka, domin kuwa aljihu ba ya tambayar addinin mutum kafin ya bushe. Tambayar ita ce: mene ne dogaro ga Allah a ranar da kuɗin gida suka kasa?

Kowa ya san halin da muka shiga. A watan Yunin 2023 aka saki darajar naira, dala ta tashi daga wajen naira 460, ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. A nan kuma, ranar 6 ga Maris 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga kimanin 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya. Kuɗin makaranta da dala muke biya, haya da abinci kuwa kullum sai hawa suke yi. Baba ya sayar da masarar da ya saba sayarwa, amma abin da ya iso hannuna bai kai rabin na bara ba.

Ana cikin haka wani wanda na sani ya zo mini da aiki: in riƙa rubuta wa wasu ɗalibai binciken kammala karatu, su sa sunansu, a biya ni. Ya ce mini, "Malam, kai ne ke addu'a kullum, to ga amsa ta zo." Na kwana uku ina juya maganar, domin gaskiya ina bukatar kuɗin.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Littafi Mai Tsarki ya ba mu labari biyu da suka shafi ƙasar nan, kuma da ganin farko kamar suna karo da juna. A Farawa sura 41, Yusufu ya shawarci Fir'auna ya tara hatsi cikin shekara bakwai na ƙoshi saboda shekara bakwai na yunwa. A Fitowa sura 16 kuwa, bayan Isra'ilawa sun bar Masar, an ba su manna a jeji, aka hana su ajiye na gobe, waɗanda suka ɓoye kuma nasu ya yi tsutsa. To, wanne ne bangaskiya, cika rumbu ko barinsa wayam?

Da na natsu sai na lura cewa a labaran nan biyu babu wanda ya naɗe hannu. Yusufu ya yi lissafi ya gina rumbuna. Mutanen jeji ma sai da suka fita da sassafe suka tsinta, a rana ta shida kuma aka umarce su su tara na kwana biyu saboda Asabar. Ashe ba tanadi aka hana ba. Abin da ya yi tsutsa shi ne wanda aka tara ta hanyar saɓa umarni, don tsoron kada Allah Ya manta da mutum gobe. A nan na gane cewa aikin da aka kawo mini irin wannan ajiya ce. Da na karɓa, da na nuna cewa na yarda Allah Yana ciyarwa, amma sai an haɗa Masa da ƙarya. Na ba mutumin haƙuri.

Kada mai karatu ya zaci washegari kuɗi suka faɗo daga sama. Na bar ɗakina na koma wani mai araha da muke mu huɗu, na fara koya wa yaran wani maƙwabci Turanci da yamma, abincina ya koma ful da gurasa. Abin sha'awa, a shekarar 2024 azumin Ramadan da babban azumin Kibɗawa rana ɗaya suka fara, wato 11 ga Maris. Abokin zamana, Bakano ne mai karatu a Azhar, bai taɓa buɗa baki bai kira ni ba. Hausawa na cewa bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Abin da ban sani ba a da shi ne, sau da yawa ta hannun maƙwabci abincin ke zuwa, kuma girman kai na iya sa mutum ya ƙi karɓa alhali yana kan roƙo.

Wata Juma'a na je Manshiyat Nasir, unguwar masu kwashe sharar Alƙahira da ake kira Zabbalin, a gindin dutsen Muƙaɗɗam. Yawancinsu Kibɗawa ne da kakanninsu suka taso daga kudancin Masar. A 2009, lokacin fargabar murar aladu, gwamnati ta sa aka yanka aladun ƙasar, wajen 300,000, alhali da su mutanen nan ke juya ragowar abinci ya zama kuɗi. Duk da haka ba su daina fita kafin asuba ba, kuma a jikin dutsen nan suke da majami'ar Sam'anu Majemi, wadda ke ɗaukar dubban mutane. Na ga masu tsintar roba suna yi wa Allah godiya, sai na ji kunyar gunagunina.

Na san wani zai ce, to waɗanda suka yi addu'a suka riƙe gaskiya, amma dole ta sa suka koma gida ba takardar shaida fa? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma na raka irinsu filin jirgi. Ba zan ce bangaskiyarsu ce ta gaza ba, hakan zalunci ne. Abin da na fahimta shi ne, addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa a Matiyu sura 6 abincin yini ta roƙa, ba ta yi alkawarin digiri ba. Wanda ya koma gida da mutuncinsa bai yi asarar da ta kai ta wanda ya kammala da ha'inci ba. Dogaro ga Allah ba ciniki ba ne da za ka ce na ba Ka biyayya, Ka ba ni abin da na zaɓa.

A ƙasar nan Lahadi ranar lacca ce, shi ya sa da yawanmu Juma'a muke zuwa sujada. Da farko abin ya dame ni. Daga baya na ga cewa in har bangaskiyata rana ɗaya ta dogara a kai, to ba ta zama ginshiƙin rayuwata ba tukuna. Inda ake gane ta shi ne ɗakin jarrabawa, da wurin canjin kuɗi, da adadin da kake gaya wa iyayenka in sun tambayi nawa ne kuɗin makaranta.

Saboda haka shawarata gare mu ita ce, mu yi lissafi kamar Yusufu, mu nemi halal, mu duba na kusa da mu ko ya ci abinci yau. Wanda yake cikin matsi kuma kada ya ɓoye wa ƙungiya. Allah Ya rufa mana asiri, Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya maishe mu gida lafiya.